Maganar da Haliru Ya Faɗa Cikin Wasa

Sai da muka kai Agadas na yarda cewa mun bar gida. A Ƙonni da Tawa ban ji baƙunta ba, don Hausarsu kusan irin tamu ce, furarsu ma haka. A Agadas kuwa na ga mutane da rawani har ido, suna magana ban tsinci ko kalma ɗaya ba, sai jikina ya yi sanyi. Haliru ya lura, ya dafa kafaɗata ya ce, "Bawana, in kuka zaka yi, yi shi nan, don gaba ruwan hawaye ma saye akai."

Haliru ɗan kawuna ne, yayan Inna ne ya haife shi, wato taubashina. Wanda ya san taubasantaka ya san yadda muke. Tun muna yara ban taɓa kiransa da sunansa ba, shi ma haka. Ni bawansa ne, shi ma bawana ne, kuma har yau ba a yanke hukuncin wane ne ubangida ba. Ranar da aka ɗaura masa aure da Hassi, ni na tsaya a bakin zaure ina yi wa amarya jaje. Magana ta gaskiya ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba, ba don babu ƙauna ba, sai don haka muka tarar ana yi.

Zinari ba baƙonmu ba ne. A ƙauyenmu da ke tsakanin Anka da Bukkuyum muka taso muna fasa dutse, muna kai shi niƙa har Abare da Tungar Daji. Lokacin da gubar dalma ta yi ta kwasar yara, 'yar Haliru ta fari tana cikin waɗanda suka tafi, kuma tun daga ranar ban ƙara jin sunanta a bakinsa ba. Daga baya aka hana haƙa, 'yan bindiga suka hana noma, danginmu suka tattara suka koma Gummi zaman haya. Hannunmu sana'a ɗaya ya iya, sai muka bi ta inda aka ce tana nan.

Cuta ta farko a Agadas muka sha ta. Wani ɗan kamasho mai fara'a, wanda ya ce kakarsa 'yar Gusau ce, ya karɓi kuɗin motarmu ya ajiye mu a wani kango tare da wasu matafiya, ya ce mota na nan tafe bayan la'asar. La'asar ɗin ta zo ta wuce sau da yawa, shi kuwa ya yi ɓatan dabo. Wani tsoho Buzu mai sayar da cuku a bakin kangon ne ya riƙa tura mana dabino a marfin kwano ba tare da ya dube mu ba, don kada mu ji kunya. Shi ne kuma ya haɗa mu da direban gaskiya, wanda ya ɗauke mu a kan mu biya in mun samu.

Hanyar kuwa ba ta faɗuwa. An jera mu a bayan a-kori-kura, ƙafafu a waje, kowa da sanda a tsakanin cinyoyinsa yana riƙewa don kada ya faɗo. Bayan Arlit babu itace, babu tsuntsu, sai duwatsu baƙaƙe da rana. Leɓena ya tsage, ƙafafuna suka kumbura. Haliru ne kaɗai mai bakin magana, yana cewa in na faɗo ba zai ce a tsaya ba, don asarar bawa ɗaya ba ta kai asarar man mota ba. Har mutanen da ba su jin Hausa sai da suka yi dariya.

Mahaƙar tana can wajen iyakar Aljeriya. Gari ne na buhuna da leda, ba mace ko ɗaya, ba inuwa sai wadda ka ɗinka da hannunka. Ruwa a tanka ake kawo shi daga nesa, wanka kuwa sai dai ka tuna da shi. Ramukan ba irin namu na gida ba ne, zurfinsu ya kai in ka ɗaga kai daga ƙasa bakin ramin kamar tsabar kwabo. Muka samu shiga wurin wani mai rami, shi ke ba da abinci da kayan aiki, in an fitar da dutse a raba. Mu biyu ne, da Zabarmawa biyu, da wani Basudane mai suna Adam, dattijo mara yawan magana, wanda ke juya ƙarfen da ake naɗe igiya a saukar da mutum a fito da shi.

Da safe mai rami yakan aiko da shayi da burodi da ƙwayar tiramol, a tire ɗaya, kamar sukari. Ba wanda ke ce mata ƙwaya, maganin gajiya ake cewa. Na sha sau ɗaya na yini ina amai, shi ya raba ni da ita, ba wani kirki nawa ba. Haliru kuwa ta karɓe shi. Da farko ɗaya yake sha kafin ya sauka. Sai wata rana buhun dutse ya kuɓuce daga igiya ya same shi a gadon baya. Babu asibiti, babu hutu, wanda bai sauka ba ba shi da rabo. Ya ƙara ta rana, ya ƙara ta yamma, ya bar koriyar ƙwaya ya koma ja mai ƙarfi.

Watanni suka yi ta tafiya a haka. Mai rami yakan kwashe buhunan dutse ya kai injin niƙa shi kaɗai, ya dawo yana girgiza kai wai dutsen bai yi ba. Mun san ƙarya yake, mu da muka san dutse tun kafin mu san karatu, amma wa za ka kai wa ƙara? Ni abin da ya fi ci mini rai kewar gida ce. Nakan zauna ina tuna fadama bayan an sha ruwa, da tuwon dawa da miyar kuka ta Inna, har da hayaniyar kasuwar Gummi da nake tsaki a kanta. Akwai mai wayar tauraron ɗan'adam da ake biya a kira gida. Da muna zuwa tare, Haliru ya ƙwace wayar ya ce wa Inna, "Gwaggo, bawan ga naki ci ɗai ya iya." Daga baya ya daina zuwa. In Hassi ta tambaya sai in ce yana cikin rami.

Ya rame, idanunsa suka faɗa, ya koma mai saurin fushi da kowa ban da ni. Rannan da hantsi, an fito da shi ke nan ya taka bakin rami, sai ya sandare ya faɗi yana karkarwa, kumfa na fita a bakinsa. Da ya ƙara taku ɗaya baya, da cikin ramin zai koma. Mai rami ya ce ba zai ƙara sauka masa ba. Mu kuma muka yi shawara irin ta masu son mutum da ba su san komai ba: muka kwashe ƙwayoyinsa muka watsa a wuta, muka ce ya kwanta a bukka ya huta har jikinsa ya wanke. Kullum da sassafe mu tafi aiki, mu bar shi shi kaɗai da jarkar ruwa har faɗuwar rana.

Kwanakin farko ya sha azaba. Zufa, zawo, hamma, ƙafafunsa ba su tsayawa wuri ɗaya, yana cewa ƙasusuwansa ake tsagawa. Barci ya ƙaurace masa. Da ya samu ƙarfin tashi, sai ya sayar da wayarsa ya sayo wasu a ɓoye, don a can ko mai shayi yana da ita a ƙarƙashin tebur. Na gane, na yi masa tas a gaban mutane. Bayan wannan ne ya yi shiru na wasu kwanaki, sannan wasa ya dawo bakinsa, har na ce alhamdulillahi.

Sai dai wasan ya koma hanya ɗaya. In na dawo aiki sai ya ce, "Bawana, in na mutu kai ka gadon takalman ga, ko da yake ƙahwarka irin ta raƙumi ta." In ce, "To mutu mana, wa yah hana ka? Bargon dai nika so." Washegari ya ce in riƙe masa yaransa da kyau, kada in koya musu rowa. Wata rana ya ce Hassi za ta huta da ciyar da gawa mai tafiya. Ina mayar masa, Zabarmawa na dariya. Ya ba ɗayansu tocilansa, ya ba ɗayan rawaninsa. Fuskarsa ta yi wani irin kwanciya da na ɗauka sauƙi ne.

Ranar wata Alhamis ina ɗaura igiya a ƙugu zan sauka, Adam ya riƙe ƙarfen bai juya ba. Hausarsa ta kasuwa ce, a tsaye take ba lanƙwasa. Ya ce, "Bashir, ɗan'uwanka yana faɗin mutuwa kowace rana. Me ya sa kake dariya?"

Na yi masa bayanin taubasantaka, har da ɗan jin haushi, na ce mu haka muke tun kakanni, shi baƙo ne ba zai gane ba.

Ya ce, "Ban san wasanku ba. Ni kunnena abin da mutum ya ce yake ji. Ƙanena ya sha wannan ƙwaya a wani rami kamar wannan. Muka hana shi, muka bar shi shi kaɗai, ya raba kayansa, ya yi fara'a. Na ji tsoron in tambaye shi, na ce in na faɗi kalmar zan saka masa ita a kai. Ashe tana ciki tun da daɗewa. Ni na haƙa kabarinsa." Ya kwance igiyar daga ƙuguna da hannunsa, ya ce, "Yau ba ka sauka. Je ka tambaye shi da sunan abin."

Tafiyar daga rami zuwa bukka ba ta da nisa, amma ban taɓa yin mai nauyinta ba. Yaya zan dubi Musulmi ɗan malam in yi masa wannan tambaya? Na same shi zaune ya yi wanka, a wurin da ruwa ke da tsadar da ba a wanka, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya naɗe shimfiɗarsa. Da ya gan ni ya firgita, sannan ya yi murmushi ya ce, "An koro ka kai ma? Dama na san ba ka da amfani."

Na zauna a gabansa na ce, "Haliru."

Murmushin ya tsaya. Na ce, "Tunanin kashe kanka kaka yi?"

Ya ce, "Kai, bawa da tambayar manya." Ban yi dariya ba, ban kuma ɗauke ido ba. Sai hawaye suka zubo masa.

Ya ce, "Na hwaɗa maka ya hi a ƙirga. Kai ɗai nika iya hwaɗa ma, don na san ba ka yarda."

Wannan magana har yau tana cikin ƙirjina. Ya ce ya san haramun ne, sanin haka ne ya riƙe shi har ya kai yau. Ya ce, "Ba mutuwa nika so ba, Bashiru. So nikai abin ga ya tsaya. In na sha, kunya. In ban sha ba, azaba. Da wace huska zan ishe Baba? Na tahi neman abinci na komo ɗan ƙwaya." Ya ambaci sunan 'yarsa da ta rasu, ya ce shi ya riƙa shigo da dutse gida ana daka shi a tsakar gida inda take rarrafe. Ban yi masa wa'azi ba, don ba abin da zan faɗa da bai fi ni sani ba. Na dai ce ba zan tashi daga nan ba, kuma ya ba ni duk abin da ya ɓoye. Ya daɗe kafin ya zura hannu cikin matashi ya miƙo mini ƙullin ƙwayoyin da ya tara. Ni ma kuka nake.

Mai rami ya ce wanda ya tafi kafin rabo ya bar rabonsa. Na ce ya riƙe, Allah ya isa. Adam ya roƙi direban tankar ruwa da ke komawa Arlit ya ɗauke mu, Zabarmawan nan suka ɗaure mana garin rogo da sukari a leda, wanda aka ba rawani ya dawo da shi ya naɗa wa Haliru da kansa. Adam bai yi sallama mai tsawo ba. Ya ce da ni, "Kada ka bar shi, ko ya ce ya warke. Musamman in ya ce ya warke."

A Arlit muka je wani ƙaramin asibiti. Malamar da ta duba shi Bahaushiya ce mai faɗa, amma faɗanta a kaina ya sauka. Ta ce wanda jikinsa ya saba da wannan ƙwaya ba a yanke masa ita rana ɗaya a kuma rufe shi a ɗaki, don a lokacin ne zuciya ke yin baƙi, mutum ya ga ba shi da mafita. A hankali ake ragewa, a ƙarƙashin idon likita. Ta yi wa Haliru tambayar da na yi masa, kai tsaye kamar tana tambayar zazzaɓi, ya kuwa ba ta amsa. Ta tsara yadda za a rage, ta damƙa maganin a hannuna ba nasa ba, ta ce in mun isa gida a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa a duba har ciwon bayan. Ta ƙara da cewa, "Mutanen gida su sani. Kai kaɗai ba ka iyawa."

Nan rigimarmu ta fara. Tun daga Agadas har Tawa maganarsa ɗaya ce: "Ka ruhwa mani asiri. Ka ce zazzaɓin shawara ya kama ni." Ni kuma ban yi masa alkawari ba. Na koma inuwarsa, in zai kewaya ina tsaye a bakin ƙofa, in ya yi alwala ina bayansa, maganin yana ɗaure a ƙuguna. Wani lokaci ya gode mini, wani lokaci ya zage ni zagi na gaske. Na gaji irin gajiyar da ko a rami ban yi ba.

A tashar Illela, muna jiran mota ta cika, na jingina da buhun albasa sai barci ya sace ni. Da na farka babu Haliru. Na zaga tashar nan kamar mahaukaci, ina leƙa bayan shaguna, ina kama rigar mutanen da ban sani ba. Can na hango shi tsugune gaban wani mai tallar magani a faranti, ya riga ya haɗiya. Da ya ɗago ya gan ni sai ya sunkuyar da kai. A nan na san malamar nan ta yi gaskiya. Ido biyu gare ni, kuma dole wani lokaci su rufe.

Mun isa Gummi bayan la'asar. Kawu yana zaure a kan buzunsa, ya sallami masu ɗaukar karatu. Inna ta shigo daga gidanmu, Hassi na tsaye a bakin ƙofar ciki da kwanon ruwa, ana ta barka da hanya. Haliru ya ce zazzaɓi ne ya ramar da shi, ya waiwayo ya dube ni, kallon roƙo. Na san in na buɗe baki na rasa shi ta wata hanya, in na yi shiru ina iya rasa shi gaba ɗaya.

Na ce, "Kawu, ba zazzaɓi ba na." Na faɗi komai, ƙwayar da faɗuwar da abin da ya yi niyya, da sunan abin. Inna ta yi salati. Hassi ta ajiye kwanon a ƙasa ta zauna a inda take. Haliru ya miƙe zai fita, sai Kawu ya kama bakin rigarsa. Na zaci ayoyi zai jawo masa. Tsohon nan sai ya jawo shi ya zaunar kusa da shi a kan buzun da ba wanda ke hawa, ya ce, "Zamna nan. Gobe ni ka kai ka Sakkwato da kaina." Ya riƙe hannunsa bai saki ba har aka kira magariba.

Yanzu ana kai shi asibiti lokaci-lokaci. Maganinsa yana hannun Hassi, Kawu ya mayar da shimfiɗarsa ɗakin da ke kusa da nasu, ƙannensa suna karɓa-karɓa wajen raka shi kasuwa. Ya taɓa komawa ƙwayar, aka gane da wuri, aka sake farawa. Ba zan ce ya warke ba, don an hana ni saurin faɗin haka.

Ni kuwa bai yafe mini ba. In mun haɗu a masallaci yakan miƙo mini hannu ya ce, "Malam Bashiru, an tashi lahiya?" kamar wani baƙon da ya zo cin kasuwa, ya wuce. Abin yana yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na dawo daga ƙasar mutane ba zinari, ba abokin wasa. Amma katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, kuma kowace safiya ina jin muryarsa yana faɗa da yaransa su tashi su tafi makaranta. Nakan tsaya da buta a hannu har sai na ji ta, sannan in yi alwala.